Uwani Ta Nemi Sunan Kakarta

Uwani ta kai shekara sittin da biyu ba ta taɓa tambayar kowa sunan kakarta ba, don tana ganin ta san shi. Ai shi aka raɗa mata. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san in ya ji ana kiran yarinya Uwani, to sunan uwar ubanta ta ci. Uban ba zai iya buɗe baki ya kira sunan mahaifiyarsa a tsakar gida ba, shi ya sa ake sakaya shi. Sunan yankan Uwani Lubabatu. Ke nan kakarta ma Lubabatu. A kan wannan ta ɓata wata huɗu, a lokacin da ba ta da wata huɗun ɓatawa.

An haife ta a wata tunga kudu da Adabka, Tunga kawai ake ce mata, gida goma sha ɗaya, ba makaranta, ba rijiyar kirki. A nan ta auri Yahaya, ta haifi tara, huɗu suka rayu. Sana'arta daddawa. Ta dafa kalwa ta fi shekara arba'in, kuma a kasuwar Adabka an san ta da abu biyu, daddawarta ba ta da tsakuwa, bakinta ba shi da zuma. Da Yahaya ya rasu, 'ya'yanta mata suna gidajen aure, sai ta zauna hannun Sufyanu, ɗanta na shida, da matarsa Zinatu.

Sufyanun nan ya taɓa barin noma. Shekarar da zinare ya ɓulla a Duza ya kwashi Zinatu da yara uku suka koma can. A tsakar gida ake daka dutsen, a turmin da ake daka hatsi, ƙurar tana sauka a kan tabarma da ƙwaryar fura. Cikin wata guda gubar dalma ta kashe masa yara biyu. Ta ukun, Surayya, ta rayu, amma har yau maganarta ba ta fita daidai. Uwani da kanta ta hau babur ta je Duza, ta tsaya a ƙofar gida ta ce ba za ta shiga ba, ba kuma za ta koma ita kaɗai ba. Ta dawo da su Tunga. Sufyanu ya riƙe fartanya shekara goma sha ɗaya bai sake ambaton ramin zinare ba.

Sai 'yan bindiga suka zo. Da farko shanu suka kora. Bayan nan suka hana zuwa gona. A ƙarshe suka zo da rana tsaka suka cinna wa rumbuna wuta, suka ce wanda suka tarar gobe shi ya so. Gida goma sha ɗayan suka watse, kowa ya nufi inda yake da dangi. Su Uwani ba su da inda suke da dangi, sai suka bi ayari zuwa Gummi. Wani ɗan kasuwa ya bar su su bakwai suka zauna a kangon shagunansa a bakin gari, rufi rabi, ƙofa buhu.

Sufyanu ya yi dako a tasha, ya yi kwaɓar ƙasa, ya yi zaman banza. Tsofaffin abokansa na rami suna ta kiransa a waya daga dajin Anka. Wata rana da hantsi ya zauna kusa da murhu ya ce, ba tare da ya dubi uwarsa ba, "Inna, in ruwa ya sauka ban da inda zan kafa fartanya, tahiya zan yi."

"Ina?"

"Kin san inda."

"Biyun da ka binne ba su ishe ka ba?"

"Huɗun da sunka rage mi za su ci?"

Ta ci gaba da hura wuta.

Abin da ta tuna shi ne hirar ubanta Barau. Ya sha faɗa musu suna yara cewa jininsu na bakin gulbi ne, daga wajen Gummi aka kai uwarsa aure Anka, kuma gidansu suna da fadamar da in ka tsaya a wannan gefe ba ka gane mutumin da ke wancan gefen. Yara suka ɗauke shi tatsuniya. Yanzu ga ta a Gummin, ga fadamar tana kallonta kullum in ta je ɗibar ruwa.

Ta je wurin mai unguwa, ta durƙusa daga nesa.

"Ranka shi daɗe, kakata 'yar garin nan ce."

"Inna," in ji shi, "tun da anka fara gudu, kowa kakatai 'yar garin nan ce."

Mutanen da ke zaune suka yi dariya. Ita ba ta yi ba, ba ta kuma tashi ba. Da ya ga haka sai ya yi mata bayani. In mace ta yi aure nesa, rabonta na gona yakan zauna hannun 'yan'uwanta maza. In jininta ya dawo cikin wahala, babu gidan mutunci da zai hana shi aron wurin shuka. Amma sai an san wace ce, kuma 'yar wane gida ce.

"Sunanta Lubabatu," in ji Uwani.

"Ɗiyar wa?"

"Shi na zo nema."

"To ki nemo. In gida ya amsa ta, ni zan raka ki."

Tsohuwa tana da abu guda da namiji ba shi da shi, tana shiga kowane gida. Uwani ta bi tsofaffin unguwannin Gummi gida gida. Takan yi sallama, ta nemi wadda ta fi kowa tsufa, ta zauna ta yi tambayarta: ko an taɓa kai wata Lubabatu aure Anka, shekara casa'in da suka wuce? Wasu suka ba ta fura. Wasu suka ɗauka bara ce da sabon salo. Wata tsohuwa mai ban dariya ta ce, "Lubabatu muna da ukku, ga ɗaya can tana wanke-wanke, in kina so ki ɗauka, ba ta jin magana." A wani gida aka ce akwai, Uwani ta yi kwana uku tana bin zancen, sai ta tabbata waccan Lubabatun Jega aka kai ta, kuma ta haifi mata zalla.

Haka wata huɗu suka wuce. Zafi ya kankama, gulbi ya janye ya bar rairayi, masu gona suka fara sharar fili. Wata makauniyar tsohuwa ce ta ce mata, "Ke, kina neman akuya inda anka sai da ta. Tahi inda anka kai ta. Can ne anka ɗaura aure, can ne malamai sunka rubuta, in sun rubuta."

Uwani ta sayar da babbar tukunyar ƙarfen da take dafa kalwa, wadda ta ɗauko a ka tun daga Tunga, ta shiga motar Anka. Direbobi ba sa tashi sai rana ta ɗaga, sai kuma sun ga mota ta fito daga can gefen ta ce hanya lafiya. Suka shiga daji. Matar da ke kusa da ita tana ta motsa baki da addu'a, Uwani kuwa ta rufe ido, don ta riga ta ga abin da ake tsoro, ba ta buƙatar leƙen daji.

Abin da ta sani game da Anka kaɗan ne. Kakanta sunansa Nuraddeen, marini ne. Da ta yi ta tambaya aka kai ta wurin wani malamin firamare, Nazifi, jikan wani magatakardan alƙali na zamanin da. Kakansa ya bar akwatin ƙarfe cike da kwafen shari'o'i, Nazifi yana ajiye da shi a ƙarƙashin gado. Ya jawo akwatin tsakar gida. Takardun sun yi ja, gara ta ci gefen wasu, suna warin jemage.

Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Inna, bari in gaya miki gaskiya. Mace ba ta shiga takardun nan sai ta kawo ƙara ko an kawo ƙararta. Kakarki ta taɓa neman saki?"

"Ban ji ba."

"Ta taɓa faɗa da wata har anka zubar da jini? Rigimar gado?"

"Ban ji ba."

"To zaman lahiya ya ɓatar da ita."

Duk da haka ya duba, yini biyu, bayan ya taso daga makaranta. Bai sami Lubabatu ba. Ya sami Nuraddeen marini sau ɗaya, yana jayayya da maƙwabcinsa a kan ramin rini, kuma an rubuta unguwarsu. Nazifi ya ce unguwar tana nan, marinar dai ta zama juji. Limamin unguwar na wancan zamani mutum ne mai son alƙalami, yakan rubuta sunan da ya raɗa da gawar da ya sallata. Jikansa Malam Abdussalam yana raye.

Malam Abdussalam tsoho ne siriri, da tabarau ɗaure da zare. Ya karɓe ta a zaure, ita a bakin ƙofa, shi a kan buzu. Ya ce takardun kakansa ba littafi ba ne, warwara ce a cikin gafaka uku, ba a jere ba, wani rubutun ma a gefen shafin karatu yake. Sai ta yi haƙuri. Ya tura ta cikin gida wurin iyalinsa. Uwani ba ta iya cin tuwon banza ba, don haka ta karɓe musu surfe da tankaɗe, ta kuma gaya wa matar Malam cewa daddawar da suke saye rabinta ƙasa ce.

Rana ta uku bayan la'asar ya aiko a kira ta. Takarda guda ce a hannunsa, ba ta kai tafin hannu biyu ba.

"Barau ne sunan mahaihinki?"

"Shi ne, Allah gafarta Malam."

"To saurara. Da Larabci ne, zan juya miki." Ya matso da takardar kusa da hancinsa. "Shekara ta dubu da ɗari ukku da hamsin da ɗaya, shekarar fara. Ranar Talata cikin Rajab na raɗa wa ɗan Nuraddeen marini suna Barau."

Uwani ta ƙura wa takardar ido. Ba ta taɓa tunanin ubanta a matsayin jinjiri ba.

"Akwai ƙari a ƙasa, da wata tawada. Ranar Alhamis na sallaci matar Nuraddeen marini, kwana tara da haihuwarta. Lubabatu ƙanwar Nuraddeen ta ɗauki jinjirin."

"Wace Lubabatu?"

"Ƙanwar kakanki. Goggon mahaihinki."

"A'a, Malam. Lubabatu ita ta haife shi. Sunanta na ci."

"Sunan wadda ta goya shi kinka ci," in ji Malam, a hankali. "Wanda ya buɗe ido ya gan shi a bayan mace, ita ce Innarsa. Mi zai kira ta?"

Uwani ta shiga tsince maganganun Barau ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a kalwa. In yana ba da labarin matar da ta bi mijinta daga Anka zuwa dajin Adabka da shi a goye, suka sare kurmi suka kafa Tunga, cewa yake yi "Inna". In yana labarin gulbi da fadama, cewa yake yi "wadda ta haife ni". Bai taɓa haɗa su a magana guda ba. Bai ɓoye komai ba. Kunya ta hana shi kiran sunan ko ɗaya, ita kuma ta ji mata biyu ta ɗauka ɗaya ce, ta yi wata huɗu tana neman 'yar Anka a gidajen Gummi.

"To ita wadda ta rasun," ta ce, "mi anka rubuta?"

Malam ya sake duban takardar.

"Ya ce, ɗiyar mai jirgin fito daga gulbin Gummi." Ya cire tabarau. "Sannan ya rubuta, mai sunan mahaihiyata."

"Sai mi?"

"Shi ke nan. Sunansu ɗaya da uwarsa, hannunsa bai iya rubuta shi ba."

"Liman guda? Mai rubuta kowa?"

"Liman ma ɗa ne."

"To mahaihiyar tasa fa, ya sunanta? Ai gidanku ne."

Malam Abdussalam ya yi 'yar dariyar da ba daɗi a cikinta. Ya ce shi bai riske ta ba. Ubansa "Tsohuwa" yake ce mata. Liman ya yi wa 'yarsa ta biyu sunanta, ita ma Uwani ake kiranta, amma tun kafin a haifi Malam, mijinta ya kama hanyar Makka da ita a ƙasa, suka tsaya Sudan, ba a sake jin labarinsu ba.

Matar Malam ta ji tausayi, ta ɗauki mayafi ta zaga da ita wurin tsofaffin dangin gidan. Wata ta ce Hauwa'u. Wata ta rantse Rakiya ne, ta ce waccan ta rikice tun bara. Ta ukun ta ce ita dai "Yaya" ta ji ana cewa. Su biyun farko suka kaure da gardama har suka manta da mai tambaya.

Da za ta tafi, Malam ya kwafe mata layukan a farar takarda, ya sa hannu. Ta ce, "Allah gafarta Malam, ka ƙara Hauwa'u a wurin mana. Ko Rakiya. Wa zai sani?"

"Ni," in ji shi. "Abin da ban gani ba, ba ni rubuta shi."

Ba ta yi fushi ba. Da ita ce ma haka za ta ce. Ta ninke takardar ta ɗaure a bakin zane.

Ta koma Gummi ta tarar gabas ta fara haɗa baƙi da yamma. Sufyanu bai tambaye ta komai ba, fuskarta kawai ya duba. Ta ce, "Ba Lubabatu ba ce. Ɗiyar masu jirgi ce. Ka ba ni mako."

"Ba ni ke riƙe da ruwan ba, Inna."

A da, wuraren fito uku ne a wannan yanki na gulbi, kowanne da gidan da ke riƙe da shi. Gida ɗaya ya ƙare, sai kufai. Na biyu sun koma Yawuri tun zamanin soja. Na ukun yana nan gabas da gari, hannun wani tsoho, Bilyaminu. Uwani ta je da Zinatu, don ƙafarta ta fara ciwo. Suka same shi a inuwar giginya yana toshe ɓarakar kwale-kwale da tsumma da kwalta. Ya haura tamanin, amma hannunsa ba ya rawa. A bayansa fadama ce shimfiɗe, an kafta rabinta.

Ta ba shi labari daga farko, ba ƙari. Ya sa aka kira limamin wurin ya karanta takardar, ya saurara kansa a sunkuye.

"Ba ƙarya a ciki," in ji shi. "Kakana ya kai ɗiya Anka. Ƙanwar ubana ce. An ce haihuwar fari ta tahi da ita, shekarar fara. Ba mu san abin da ta bari ba."

Zinatu ta damƙe hannun Uwani.

"Amma shekarar fara mata nawa haihuwa ta kashe? Kuma masu jirgi ba mu kaɗai ba ne, kowa ya kai ɗiya Anka. Mijinta marini ne ko maƙeri, ban sani ba, ina yaro an ce Anka, shi ke nan." Ya ɗago. "Ni na san sunanta. Ke za ki hwaɗa."

"Baba, takardar ba ta ishe ka ba?"

"Takardar ta ce ɗiyar mai jirgi. Ba ta ce ɗiyar gidan ga ba." Ya ajiye tsumman. "Bari ki ji. Bara wani ya zo da kuka, ya ce jikan goggonmu ne. Ni da bakina na hwaɗa mishi sunanta, ya ce ita ce, ita ce. Munka ba shi aro. Da kaka ta yi sai ga sammaci, wai gado yake nema. Ashe ko hanyar gidanmu kakatai ba ta sani ba. Tun ranar ɗiyan 'yan'uwana sunka ce wanda ya zo, shi zai kawo suna. Kin ga rumfunan can? Mutum talatin ne, namu na jini, sun gudo daga ƙetare. Kowa shina jiran taki ɗaya na ƙasa. In na ba ki ba hujja, mi zan ce musu?"

Zinatu ta raɗa mata, "Inna, ki ce Hauwa'u. Kowane gida akwai Hauwa'u."

Uwani ta ce, "An ce mani Hauwa'u. An kuma ce mani Rakiya."

"Wanne kinka ɗauka?"

Ta dube shi. Fuskarsa ba ta nuna komai ba, fuskar mutumin da ya shekara saba'in yana kallon ruwa.

"Rakiya."

"Ba ita ba ce."

"Hauwa'u."

"Ba ita ba ce."

A nan ya kamata ta tashi. Ta san haka. Matar da ba ta taɓa roƙon ragi a kasuwa ba, sai ta ji bakinta yana tafiya shi kaɗai. "A'ishatu. Maimunatu. Hadizatu. Safiya. Amina, Baba, ko Aminatu ce? Zainabu?"

"Bari, baiwar Allah," in ji tsohon. "Bari. In kin ci gaba za ki faɗa kansa, kuma ba zan karɓa ba, kin sani."

Ta rufe baki. Limamin ya kau da kai. Can cikin rumfuna wata mata tana daka, ba ta san abin da ake ciki ba.

Abin da ya fi damun Uwani a hanyar komawa shi ne ba ta san inda kuskuren yake ba. Ko gidan ne ba nasu ba, ko tsofaffin Anka ne suka manta suna. Mai yiwuwa kakarta 'yar kufan can ce, ko 'yar mutanen Yawuri. Mai yiwuwa kuma a inuwar giginyar uban kakar tata suka zauna. Babu sauran wanda za a tambaya. Duk wanda ya san sunan matar nan, ko ya mutu, ko ya girmama ta da yin shiru, sai mutum ɗaya, shi kuma an riga an cuce shi.

Kafin su bar wurin Bilyaminu ya ce musu in ruwa ya zauna ana neman mata masu dashen shinkafa, su zo, ba za a hana su ƙwadago ba. Ya ba su busasshen kifi a leda. Uwani ta so ta ƙi karɓa, Zinatu ta riga ta miƙa hannu.

Ruwan farko ya sauka ranar Laraba, mai ƙarfi, ya cika kangon har suka ɗora tabarmi a kan bulo. Ranar Asabar aka sake yin wani. Ranar Lahadi da safe Sufyanu ya ɗaure riga biyu da tocila a buhu, ya zo ya tsuguna gabanta.

"Inna, ki yi mani addu'a."

Ta daɗe tana kallon buhun. Ta nemi abin da za ta ce ya tsaya, ta rasa. Wancan karon da ta je Duza tana da gonar da za ta mayar da shi.

"Iyalinka suna nan, ba ka tahiya da ko ɗaya," ta ce.

"To."

"Dutse ba ya shigowa inda muke. Kayan da ka shiga rami da su, can za ka bar su. In za ka zo, ka yi wanka a gulbi tukuna, ka yanke ƙumba."

"To, Inna."

"Allah shi tsare."

Ya tashi. Zinatu ta raka shi bakin titi, ita ba ta raka shi ba.

Da ruwa ya zauna, Uwani da Zinatu suka shiga layin masu dashe a fadamar Bilyaminu, mata wajen ashirin, yawancinsu 'yan gudun hijira. Ba ta taɓa dashen shinkafa ba, ita 'yar tudu ce, gero da dawa ta sani. Yarinyar da ke kusa da ita ta nuna mata: tsiro uku, a danna da babban yatsa, a ja baya taki ɗaya. Laka ta kai mata ƙwauri, bayanta ya riƙe tun kafin azahar, layinta ya karkace, mai kula da aiki ya yi mata magana sau biyu.

Wajen la'asar tsohon ya biyo kan kunyar gona yana duba aiki, hannayensa a baya, kafaɗarsa ta hagu a sauke. Ya yi wa kowa sannu, ya yi mata ita ma, bai tsaya ba. Ta bi shi da kallo. Haka Barau yake tafiya in ya fito duba gona. Amma a shekarunta duk tsohon da ya juya baya kama da ubanta yake yi mata, ta san da haka. Ta sunkuya ta ɗebi tsiro uku.